Fuska da hannu sun rame amma tumbi ya ƙi sauka, me ke faruwa ne?

MaiNema:

Assalamu alaikum 'yan'uwa, dan Allah masu ilimin abin a taimaka min da bayani don abin nan ya fara damuna. Watanni kenan ina motsa jiki, kullum da safe sai na yi sitof (kwanciya rigingine ana tasowa zaune) har sai cikina ya ɗau zafi ya ƙi yarda in ƙara, in yi filank (dogarawa a kan gwiwar hannu da yatsun ƙafa jiki a miƙe), sannan in fita in ɗan yi sassarfa, abinci ma na rage ba laifi. Toh ramewa kam na rame, sikeli ya nuna, amma ba inda nake so ba, kumatuna sun faɗa, ƙashin wuyana ya fito, agogon hannuna ma sai da na matsar da shi huda ɗaya, har an fara tambayata wai ko lafiya ko na yi jinya ne, amma tumbin da saboda shi na fara duk wannan wahalar yana nan daram, bel ɗina yana ramin da yake tun ranar farko.

Tambayata ita ce shin akwai wani atisaye da yake ƙona kitsen ciki kai tsaye wanda ban sani ba, ko kuwa sitof ɗin ne ya yi kaɗan in ƙara? Kuma me ya sa jiki zai bar wurin da nake wahalar da shi ya je ya ɗebo kitse a fuska, wurin da ko motsa shi ba na yi?

Ɗan_Jim:

Wslm. Malam ka nemi bel ɗin nan na roba da ake ɗaurawa a ciki, in ba ka samu ba ka naɗa leda kafin ka sa riga ka fita gudu, wlh za ka ga zufa tana zuba ta wurin, kitsen ne yake narkewa. Sannan ka ninka sitof ɗin.

Ɗalibar_Lafiya:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa MaiNema kada ka ƙara sitof ko ɗaya saboda tumbi, kuma kada ka naɗa leda, zan dawo kan maganar ledar a ƙasa. Abin da ya same ka ba matsala ba ce, haka jikin ɗan Adam yake aiki, sai dai ba a cika yi wa mutane bayaninsa ba shi ya sa ake ta wahala a banza.

Kitsen da ke kwance a kan cikinka ba mallakin tsokar cikinka ba ne, wato don suna maƙwabtaka ba shi ke nufin tsokar za ta miƙa hannu ta ɗauka ta ƙona ba. Yadda abin yake, in ka fara motsa jiki sai sinadarai irin su adirenalin su ƙaru a jini, insulin ya sauka, wannan saƙon kuma ta jini yake tafiya don haka ko'ina yake zuwa, cinya, baya, damtse, fuska, ciki, duk ƙwayoyin kitse su ji, sai su farfasa abin da suka ajiye su sake shi cikin jini, jinin ya zagaya da shi ya kai wa duk tsokar da ke aiki. Kenan lokacin da kake sitof, man da tsokar cikinka take ci zai iya yiwuwa daga kumatunka ya taso ko daga bayanka. Zafin nan da kake ji a ciki kuma gajiyar tsoka ce, ba kitse ne ke cin wuta ba.

Kuma an gwada abin nan ba sau ɗaya ba. Tun a 1971 wasu likitoci a Kalifoniya suka auna hannuwan 'yan wasan tenis, mutanen da suka shekara da shekaru suna dukan ƙwallo da hannu ɗaya, hannun wasan ya fi ɗayan tsoka sosai amma kaurin kitsen da ke ƙarƙashin fata duk ɗaya ne a hannu biyun. A 1984 a Amurka dai aka sa maza suka yi sitof 5,004 cikin kwana 27, aka ɗebi ɗan kitse a cikinsu da bayansu da mazaunansu aka duba, ƙwayoyin kitsen sun ɗan ƙanƙance amma daidai wa daida a duka wuraren uku, ciki bai samu wani fifiko ba. A 2011 an sake, mutum 24 aka raba gida biyu, kashi ɗaya suka yi sati 6 suna atisayen ciki kala 7 sau biyar a sati, ba a taɓa abincinsu ba, ƙarshe tsokar cikin masu atisayen ta ƙara juriya amma kitsen ciki da faɗin ƙugu ba abin da ya canza. Wanda ma ya fi kama da naka shi ne na ƙasar Chile a 2013, ƙafa ɗaya tak aka sa mutane suna tura nauyi da ita, sau 960 zuwa 1,200 a kowane zama, har sati 12, kitse ya ragu kam, amma a hannuwa da gangar jiki ya ragu, ƙafar da ta sha wahalar ba ta nuna wani bambanci ba.

Toh wa ke zaɓar inda za a fara ɗiba? Gado, da jinsi, da shekaru, da homon, wato sinadaran da ke kai saƙo ta jini irin su adirenalin ɗin nan. Ƙwayoyin kitse suna da wasu 'yan ƙofofi da adirenalin yake taɓawa, akwai masu suna beta waɗanda in an taɓa su sai a saki kitse, akwai alfa-2 waɗanda in an taɓa su sai su taka burki. Wurin da alfa-2 suka fi yawa shi ne yake taurin kai, a mata galibi cinya da kwankwaso da mazaunai, a maza kuma ƙasan cibiya da gefen ƙugu ne suka saba zama na ƙarshe. Ƙari a kan haka fuska da wuya dama kitsensu ba yawa, ɗan kaɗan ya tafi kowa zai gani, shi kuwa ciki ajiyar da ke wurin mai yawa ce, za a iya ɗibar abin da ya fi na fuska amma ido bai kama ba. Tafki in zai ƙafe bakin-baki ne ke fara bushewa, tsakiya mai zurfi sai daga ƙarshe, amma ruwan duka yake raguwa.

Maganar leda da bel kuma Malam Ɗan_Jim ka yi haƙuri, zufa ruwa ce da gishiri, jiki yana fitar da ita ne don ya huce, kana shan ruwa nauyin zai dawo. Kitse ba ta fata yake fita ba, mafi yawansa ta huhu yake fita, a 2014 wasu masana a Ostireliya sun yi lissafin a mujallar likitoci ta BMJ, in mutum ya ƙona kilo 10 na kitse, kilo 8.4 yana fita ne a matsayin iskar kabon dayoksaid da muke fitarwa a numfashi, kilo 1.6 kuma ya zama ruwa. Naɗa leda a yi gudu cikin zafi ba abin da zai ƙara sai jiri da ƙarancin ruwa a jiki, wani ma ya yanke jiki ya faɗi.

Uwar_Biyu:

Kai Anti Allah ya ƙara basira, gsky na ƙaru. Ni tawa matsalar biyu ce, cinyoyi da kuma cikin haihuwa, tunda na haifi na biyun cikin bai koma ba, in na rame sai ƙirji da fuska su tafi su bar ni da cinya, na yi sukwat (atisayen tsugunnawa da miƙewa) har na gaji sai ma nake ganin kamar ƙara girma suke. Kenan mu mata ba mu da mafita sai haƙuri?

Ɗalibar_Lafiya:

'Yar'uwa akwai mafita, sai dai a san me ake nema. Homon ɗin mata, istirojin, shi ke tura ajiya zuwa cinya da kwankwaso tun daga balaga, tanadi ne jiki yake yi saboda ciki da shayarwa, shi ya sa ma lokacin shayarwa ne kitsen wurin ya fi saurin sakuwa. Yana tafiya in jiki gaba ɗaya yana raguwa, amma a bayan layi yake. Abin da zai kwantar miki da hankali shi ne kitsen cinya ba shi da haɗari irin na cikin ciki, ba shi ne ake dangantawa da ciwon suga da ciwon zuciya ba. In al'ada ta ɗauke istirojin ya sauka sai ajiyar ta fara komawa ciki, shi ya sa za ki ga mace ba ta taɓa yin tumbi ba sai da shekaru suka ja.

Sukwat kuma kada ki daina, tsokar cinya ce take ƙarfi a ƙarƙashin kitsen, a farko wandonki zai iya ɗan matsewa saboda tsokar ta taso kitsen bai tafi ba tukuna, ba wai kitsen ne ya ƙaru ba.

Shi cikin haihuwa ba kullum ne kitse ba. Wani lokacin tsokar ciki ce ta rabu gida biyu a tsakiya saboda miƙewar da ta yi da juna biyu. Ki kwanta rigingine ki lanƙwasa gwiwa, ki ɗan ɗaga kai, ki sa yatsu a saman cibiya ki danna a hankali, in kika ji rami da yatsu biyu ko fiye suke shiga, ko kika ga tsakiyar cikin yana tasowa tsini in kin yunƙura, toh ki ajiye sitof ki ga likitan fisiyo, wato mai gyara tsoka da gaɓoɓi ta hanyar atisaye, akwai atisayen da ake bayarwa na musamman na tsokar can ciki.

Koci_Dattijo:

Salam. Malama ta yi bayani mai kyau kuma ban da ja a kai, amma akwai rabin magana da nake so in ƙara don kada MaiNema ya tashi da cewa motsa jiki ba ruwansa da inda kitse ke raguwa, yana da ruwa sosai, sai dai ba ta hanyar da mutane suke zato ba.

Tumbi kala biyu ne a haɗe. Akwai kitsen ƙarƙashin fata, wanda in ka zauna za ka iya kama shi da hannu ka matsa, mai laushi. Akwai kuma na can ciki, bayan tsokar ciki, wanda yake kewaye da hanji da hanta, shi ba ka iya kama shi, turo cikin yake yi gaba, shi ne za ka ga mutum hannu da ƙafa sirara amma ciki ya fito tsan-tsan da tauri. Wannan na biyun shi ne mugun, don abin da yake saki ta jijiyar jini yake bi kai tsaye zuwa hanta, kuma shi ne ke tafiya da kitsen hanta da ciwon suga da hawan jini da ciwon zuciya. Toh abin farin cikin shi ne shi ɗin ne ya fi jin magana, ya fi na ƙarƙashin fata saurin amsa kiran adirenalin, kuma bincike da yawa da aka yi da na'urar hoton ciki ya nuna atisayen da ke sa haki, tafiya da sauri, gudu, keke, iyo, yana rage shi ko da sikeli bai wani motsa ba. Ka lura, ƙafa ce take aikin amma ciki ne yake amfana, kuma sitof ba ya cikin lissafin don tsokar ciki 'yar siririya ce, abin da take ƙonawa kaɗan ne in ka kwatanta da cinya da mazaunai da baya.

Don haka ɗana ni shawarata ka juya tsarin naka, abin da ka mayar babba ya koma ƙarami. Sassarfar nan da ka ce kana ɗan yi ita ce za ta zama uwar aikin. Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idarta ta 2020 ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 a sati na motsa jiki matsakaici, wato wanda za ka iya magana amma ba za ka iya rera waƙa ba, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani, sannan aƙalla kwana 2 a sati na ƙarfafa tsoka. Mai son rage tumbi ya nufi saman wannan adadin ba ƙasansa ba. Kwana biyun nan na ƙarfafa tsoka kuma ka ba manyan tsokoki, sukwat, fures-of (kifa ciki ana ɗago jiki da hannuwa), jan nauyi, ɗaga nauyi daga ƙasa, domin in kana rage abinci ba ka ɗaga komai jiki ba kitse kawai yake zubarwa ba har da tsoka, kuma ina zargin wani ɓangare na ramar hannunka daga nan take, shi ne mutum zai rame ya yi yaushi a ce ko ya yi jinya. Ka tabbatar kana samun furotin isasshe, ka yi barci sosai. Sitof da filank ka bar su minti kaɗan a ƙarshe, suna da amfaninsu, suna riƙe baya suna gyara tsayuwa.

Abinci kuwa ba makawa, kilo ɗaya na kitse kusan kalori 7,700 ne, da wuya atisaye shi kaɗai ya biya wannan bashin in abin da ke shiga bai ragu ba, musamman abin sha mai suga wanda yake shiga ba ka ma ji ka ƙoshi ba.

Sai maganar bel ɗinka. Yawancin maza masu tumbi a ƙarƙashin tumbin suke ɗaura bel, a kan ƙashin kwankwaso, wurin kuwa ƙashi ne, zai yi wuya ya nuna maka canji da wuri, cikin zai iya raguwa a sama bel yana raminsa. Ba ma'auni ba ne.

Abu na ƙarshe, wannan ga duk mai karantawa ne, in mutum yana ramewa ba tare da ya nema ba, ko ciki yana kumbura da sauri yana tauri, ko ƙafa na kumburi, ko ido ya yi ɗorawa, wannan ba maganar atisaye ba ce, asibiti za a je don ruwa ma yana taruwa a ciki.

Ɗan_Jim:

Toh na ji na leda, amma ni fa in na gama atisayen ciki in na taɓa wurin zafi nake ji rau kuma ina ganin cikin ya ɗame, a ce duk wannan ba komai? Kuma na taɓa jin an ce wai an gano kitsen da ke kusa da tsokar da ke aiki ya fi narkewa

Ɗalibar_Lafiya:

Abin da ka ji yana da tushe Malam. A 2007 a Denmak an sa mutane suna motsa ƙafa ɗaya aka auna, aka ga jini ya fi gudu a kitsen da ke kan tsokar da ke aiki kuma farfasa kitse ya ɗan fi yawa a wurin, ɗumin da kake ji ma gaskiya ne. Matsalar ita ce yawan abin, bambancin ɗan mitsitsi ne, bai kai ko giram ɗaya ba a zama guda, kuma kitsen da aka saki cikin jini in ba a ƙona shi ba komawa ajiya yake yi, jiki ya sake rarraba shi yadda ya saba. Shi ya sa in aka bi mutane sati da sati aka auna sai a ga ba abin da ya rage na wannan fifikon. Ɗamewar da kake gani kuma tsokar ce ta cika da jini ta ɗaure bayan aiki, zuwa anjima ta saki. In tsokar ciki ta yi ƙarfi tana riƙe kayan ciki da kyau mutum ya miƙe tsaye sosai, cikin zai ɗan shige a ido, wannan riba ce, amma kaurin kitsen da ke samanta yana nan yadda yake.

MaiNema:

Na gode ƙwarai Malama, na gode Baba Koci, Allah ya saka da alheri. Yanzu na duba, wajen ƙasan cibiya ina iya kama shi da hannu amma sama da cibiya da tauri yake, kenan duka biyun ne da ni. Maganar bel ma haka take, a ƙasa nake ɗaurawa. Toh tunda bel ba ma'auni ba ne kuma sikeli ba ya faɗin inda aka rage, da me zan riƙa ganewa ko cikin yana sauka, kuma fuskar nan za ta ci gaba da zubewa ne?

Koci_Dattijo:

Tef ɗin awo irin na ɗinki ya ishe ka. Da safe kafin ka ci komai, ka tsaya ba riga, ka laluba ƙashin haƙarƙarinka na ƙarshe da saman ƙashin kwankwaso, tsakiyarsu za ka zagaya tef ɗin, yawanci wajen cibiya ne ko ɗan sama kaɗan, ka fitar da numfashi yadda ka saba kada ka tsuke ciki kada kuma ka ja tef ɗin ya nutse a fata, ka rubuta. Sau ɗaya a sati biyu ya isa, kullum-kullum zai ruɗa ka don iska da abinci suna sa shi hawa da sauka. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya namiji in ya wuce santimita 94 haɗari ya fara ƙaruwa, in ya wuce 102 ya yi yawa sosai, mace kuma 80 da 88. Wanda ya fi sauƙin riƙewa shi ne ƙugunka kada ya kai rabin tsawonka, mai tsawon santimita 170 ya nemi ƙasa da 85.

Tunda ka ce saman da tauri yake, shi nake sa ran zai fara nuna maka canji a tef in ka ƙara tafiyar da gudun, na ƙasan cibiya mai laushin zai ɗau lokaci fiye da haka. Fuska kuma ɗan kitsen da ke wurin ya riga ya yi tafiyarsa mafi yawa, kada dai ka matsa wa kanka da yunwa, rabin kilo a sati ya isa, ka fara ɗaga nauyin nan kafaɗa da damtse su ciko. In ka yi awon farko ka kawo mana lambar tare da tsawonka sai mu ga daga inda za ka fara.